Kwana 27 ko 29: Nawa wata ke ɗauka ya kewaye duniya?

Tambaya: A makaranta an koya mana cewa wata na kewaye duniya cikin kwana 27. To me ya sa watan Musulunci ke yin kwana 29 ko 30? Wanne ne daidai?

Amsa: Malam, duka biyun daidai ne. Abin da ake auna tafiyar watan da shi ne ya bambanta.

Idan ka lura da tauraron da wata yake kusa da shi yau da dare, zai dawo wurin bayan kwana 27 da awa 7 da minti 43. Wannan shi ne cikakken zagaye ɗaya. Amma tsayuwar jinjirin wata ba ruwanta da taurari, ta dogara ne da inda wata yake tsakanin duniya da rana. A cikin kwanakin nan 27 ita ma duniya ba a zaune take ba, kullum tana cin kusan digiri ɗaya (kashi ɗaya cikin 360 na cikakken zagaye) a hanyarta ta kewaya rana, wato ta yi gaba da kusan digiri 27. Shi kuwa wata digiri 13 yake ci a kwana, don haka sai ya ƙara kwana biyu da 'yan awoyi kafin ya sake daidaita da rana. Jimilla kwana 29 da awa 12 da minti 44. Tunda ba a rabin kwana a lissafin wata, sai wani ya yi 29, wani ya cika 30.

Haka abin yake ga duniya. Juyawarta a kan kanta awa 23 ne da minti 56 da daƙiƙa 4, ƙarin kusan minti huɗun nan ne ke dawo da rana tsaka, kwana ya cika awa 24. Kewaya rana kuma na ɗaukar ta kwana 365 da kusan awa 6, shi ya sa Fabrairu ke yin kwana 29 kusan duk bayan shekara huɗu.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne cewa wata ba ya juyawa. Yana juyawa, sai dai juyinsa ɗaya daidai yake da zagayensa ɗaya, shi ya sa kullum fuska ɗaya muke gani. Ba a ga bayansa ba sai a 1959, da kumbon Tarayyar Sobiyet, Luna 3, ya ɗauko hotonsa.

Ka ninka kwana 29 da rabi sau 12, za ka samu kwana 354. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11 ke nan. Wannan ne ya sa azumin da aka yi da damina a Agustan 2010 ya faɗo cikin zafin Maris a 2025. Yakan zagaye damina da hunturu da bazara cikin kusan shekara 33, kuma a 2030 za a ɗauki azumin Ramadan sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba.