Amsa Ga Yarona Kan Duba Rubutun Mutane

Ɗana, ka tambaye ni ko za mu sabunta yadda muke duba rubutun da marubuta ke kawowa maɗaba'ar nan, mu riƙa ba kowane babi maki, mu shafa wa kurakurai launi a kwamfuta, sannan mu aika wa mai littafi ra'ayinmu da murya ta WhatsApp. Maki da launi wasan yara ne. Ba kuma zan zauna ina koya maka raba kalma ko sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ ba, domin masu buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya sun san wannan tun 1939. Batun muryar nan ne ya fama mini tsohon miki.

Wani mai hali a nan Sakkwato ya taɓa kawo mini tarihin gidansu, ya rubuta shi da Sakkwatanci tsantsa, ko'ina "yat tahi" da "hwaɗa" da "wanga". A kan bencin da kake zama ya ce mini da bakinsa in mayar da shi daidaitacciyar Hausa, saboda yana kwaɗayin makarantu su karɓa. Na bi aikin shafi bayan shafi, na karanta masa yana gyaɗa kai yana sa mini albarka, na ci bashin takarda, aka buga, aka ɗinke. Ranar ƙaddamarwa dattawan gidansu suka ce ya mayar da kakanninsa Kanawa. Washegari mutumin nan ya dubi tsabar idona ya rantse bai taɓa ba ni wannan umarni ba, ya hana ni cikon kuɗina, ya kuma bi gari yana cewa na ɓata masa littafi. Da na nemi a shiga tsakani, abin da aka fara tambayata shi ne takardar shaida, ni kuwa maganar baka kawai ke gare ni, domin a lokacin kunyar manya ake ji. Littattafan suka zauna cikin kwalaye har gara ta cinye su, kuma sai da na sayar da injin yankan takardata kafin na fita daga bashin.

Ku yaran yanzu sauri kuke so, kun manta cewa saƙon murya ana goge shi. Idan sabon abu kake son ƙarawa, ka ajiye jimlar marubuci yadda ya rubuta ta a hagu, gyaranka a dama, dalilinka a ƙasa, domin cewa "bai yi daɗi ba" ba sharhi ba ne. Na san Word, manhajar rubutu ta kwamfuta, yana nuna abin da aka sauya, amma duk da haka ka fitar da shi a takarda, mai littafi ya sa hannu da biro a kowane shafi. Rubutun da ke kan teburinka ma akwai karin harshe a cikinsa, kada ka taɓa shi sai mai shi ya rubuta abin da yake so.