Amsa ga yarona kan naɗar kiɗan fiyano da goge a gaban jama'a

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗin da ka yi wannan tambaya tun ranar aikin ba ta ƙarato ba. Ka ce an ɗora maka naɗar wasan makaɗa biyar, mai fiyano ɗaya da masu gogen Turawa huɗu (bayolin biyu, biyola ɗaya da babban goge celo ɗaya), waɗanda za su kaɗa kiɗan Jamusawan nan biyu marubuta kiɗa, Schumann da Brahms, a zauren da jama'a za su cika. Kana tambaya me zai hana ka kafa wa kowane makaɗi makirufonsa dab da shi, ka ɗauki kowa a layinsa, daga baya ka zauna gaban miksa, wato na'urar haɗa sautuka, ka daidaita su yadda muke yi wa mawaƙa a sutudiyo. Ka kuma ce tarin 'yan kallo da ƙarar kujeru suna damunka, har kana ganin da ma a bari sai an watse a naɗa cikin natsuwa.

Abin da zan fara gaya maka shi ne, a irin wannan kiɗa daidaita sauti aikin makaɗa ne, kuma sun riga sun gama shi kafin ka warware wayarka ta farko. Sun shafe kwanaki suna bita, suna yanke shawarar inda mai fiyano zai sassauta hannu domin a ji muryar biyola, da inda bayolin biyun za su ja baya su bar wa celo fili. Babu madugu a gabansu mai ɗaga sanda, kunnuwansu da idanunsu kaɗai suke bi. Idan ka raba su layi-layi, kana ɗaga wannan kana sauke wancan, ka rushe abin da suka gina ke nan ka maye gurbinsa da naka ra'ayin, alhali ba a yi bitar da kai ba. Naka aikin shi ne ka nemo wurin da wannan daidaiton yake fitowa sarai a cikin zauren, ka zaunar da kunnen mai saurare a nan.

Duk da haka tambayarka tana da tushe, domin fiyano yana iya danne goge, kuma tarihi ne ya jawo hakan. Robert Schumann ya rubuta kiɗansa na mutum biyar a 1842, matarsa Clara ce ta kaɗa fiyanon ranar da aka fara gabatar da shi ga jama'a a zauren Gewandhaus na birnin Leipzig a Jamus, cikin Janairun 1843. Fiyanon wancan zamani yawancin jikinsa katako ne, gudumominsa masu bugun tsirkiya marasa nauyi ne, amonsa kuma ba ya daɗewa yake mutuwa, saboda haka goge yana samun wurin shaƙatawa a tsakani. Wanda za ka tarar a dandamali yau, idan babban fiyano ƙirar kamfanin Steinway ne, tsawonsa santimita 274, nauyinsa ya kusa rabin tan, kuma ƙashin bayansa na zubin ƙarfe ne mai riƙe da jan tsirkiyoyi na kimanin tan 20. Gogen ma sun ƙara ƙarfi tun da aka koma amfani da tsirkiyar ƙarfe da ta roba a madadin ta hanji, amma ƙarin nasu bai kai na fiyano ba ko kusa. Kiɗan Brahms ya fi wuya a nan. Ya fara rubuta shi a 1862 domin goge biyar zalla, ya sake zuba shi domin fiyano biyu, sai a 1864 ya zauna a siffar da aka san shi da ita, kuma nauyin waɗancan siffofin bai bar shi ba, musamman a hannun hagu na mai fiyano, wanda yake yawan cika daidai muryar da celo yake ciki.

Kada wannan ya sa ka roƙi a rufe murfin fiyano. Yara da yawa nan suke fara zuwa, kuma na daɗe da gane cewa rufe murfi ba ya rage ƙara yadda ake zato, dushe sautin kawai yake yi, ya zama kamar wanda ke fitowa daga cikin akwati, masu goge kuma su kasa jin farkon kowane bugu da za su bi. Ni na fi son murfi a buɗe gaba ɗaya tare da makaɗi mai sanin hannunsa. Amma wannan hukunci nasu ne, idan suka zaɓi ƙaramar sandar tokare murfin, ka yi aiki da abin da suka zaɓa.

Yanzu ga inda za ka kashe mafi yawan lokacinka, wato manyan makirufo biyu da za su ɗauki ƙungiyar duka. Tunda ba ka san zauren ba, ka fara da tsarin da ake kira ORTF, wanda injiniyoyin gidan rediyon Faransa suka fito da shi wajen 1960: makirufo biyu masu ɗaukar sautin gaba su rage na baya, santimita 17 tsakanin kawunansu, a buɗe da kusurwa mai digiri 110. Idan zauren mai daɗin amo ne, makirufo biyu masu ɗauka ta kowace fuska, da tazarar kimanin rabin mita, za su fi ba ka kaurin ƙasan fiyano da faɗin ɗaki. Ka ɗaga su sama kamar mita biyu da rabi zuwa uku, ka ja da su baya kwatankwacin haka daga masu gogen da ke gaba, amma ka ɗauki waɗannan alƙaluman a matsayin mafari kawai. Lokacin bita ka bar kujerarka ka zaga zauren, ka hau tsani, ka rufe ido ka saurara, domin matsar da sandar makirufo taki ɗaya tak yana canza abin da babu maɓallin miksa da zai iya canzawa. Dalilin a lissafe yake. Masu goge suna zaune a gaban fiyano, to idan makirufonka yana mita biyu daga gare su, mita huɗu daga fiyano, nisan kaɗai ya ba goge rinjayen desibel shida, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Idan ka ja baya ya zama mita shida da takwas, rinjayen ya ragu zuwa biyu da rabi. Ashe duk lokacin da ka ji fiyano ya yi yawa, ka fara matsowa kusa kafin ka taɓa komai.

Ka tuna kuma da cewa zauren da ka gwada da rana babu kowa zai canza da dare. Jikin mutane da tufafinsu suna shanye amsa-kuwwa, saboda haka abin da ka ji ya yi daidai a ɗakin wofi zai bushe idan jama'a suka cika, gara ka bar wa ɗakin ɗan wuri fiye da yadda kunnenka yake so a bita. Zaure irin Wigmore Hall na Landan, wanda aka buɗe a 1901 kuma yake ɗaukar mutum kimanin 550, ya yi suna ne saboda girmansa ya dace da makaɗa kaɗan, kuma a 2005 suka fara fitar da faya-fayen wasanninsu da sunan zauren kansa.

Ban ce kada ka kafa makirufo na kusa ba. Ka kafa su, ka naɗi kowanne a layinsa, amma a matsayin masu tallafi. Wanda ya fi bukata shi ne celo, domin sau da yawa yana zaune kusa da bakin fiyano, kuma nan ne wahalar take, tunda makirufon da ka sa masa zai kwaso fiyanon tare, sai ka karkata shi yadda bayansa ko gefensa zai fuskanci fiyano gwargwadon iko. Kada ka kusanci bayolin da yawa, in ba haka ba za ka kwaso kartar izga a kan tsirkiya da numfashin makaɗi. Kada kuma ka cusa makirufo cikin fiyano, domin za ka tara bugun guduma da dukan feda da ƙarar takarda a hannun mai juya shafi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka makirufon da ya fi manyan biyun kusa da mita uku zai riga su ji da kusan kashi 9 cikin 1000 na daƙiƙa, sai ka jinkirta layinsa da wannan adadin wajen haɗawa, domin kada celo ya yi tsalle ya fito gaban 'yan'uwansa. Ka ɗaga shi a hankali har ka fara lura da shi, sa'annan ka ɗan sauke.

Batun ƙarfin ɗauka kuwa, a jikina na koye shi. Ina yaro a wannan sana'a na taɓa saita na'ura bisa abin da na ji a bita a wani ƙaramin zaure a Jamus, ban san cewa makaɗa suna ajiye ƙarfinsu sai jama'a sun zauna ba. Kashi na uku na kiɗan Brahms yana farawa ne da celo yana tsinkar tsirkiya da yatsa can ƙasa-ƙasa, kamar ba za a ji ba, kafin ka ankara duka biyar ɗin sun afka da iyakar ƙarfinsu. A nan allurar awon sautina ta bugi ƙarshe, sautin ya fashe, kuma babu yadda aka iya gyara shi. Har yau ina jin ciwon wannan dare saboda mutanen sun yi wasa mai kyau ƙwarai. Ka naɗa a bit 24, wato saitin na'ura mai ɗaukar tazara mai faɗi tsakanin ƙaramin sauti da babba, ka bar sararin desibel goma sha biyu ko fiye a saman mafi ƙarfin abin da ka gani a bita, kada ka sa na'urar matse sauti, domin tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa ita ce ran wannan kiɗa. Ka kuma tanadi na'urar naɗa ta biyu mai aiki da batir.

Sai tari, wanda ka ce yana hana ka barci. Zai zo, kuma zai faɗo a inda ya fi zafi, kamar kashi na biyu na kiɗan Schumann, mai tafiyar jana'iza, inda ake yin shiru tsakanin gaɓa da gaɓa. Amma ka tambayi kanka me ya sa har yau ake sauraren naɗin da aka yi a Fadar White House ranar 13 ga Nuwamban 1961, lokacin da makaɗin celo Pablo Casals, yana da shekara 84, ya kaɗa kiɗan mutum uku na Mendelssohn tare da Alexander Schneider da Mieczysław Horszowski a gaban Shugaba Kennedy. Haka faya-fayen bikin da makaɗiyar fiyano Martha Argerich ta riƙa tara makaɗa a Lugano ta ƙasar Suwizalan daga 2002 zuwa 2016, da na bikin da makaɗin fiyano marigayi Lars Vogt ya kafa a 1998 a cikin tsohuwar tashar wutar lantarki ta Heimbach a Jamus. Makaɗin da ya san ba a komawa baya yana kasada da sauri da laushi yadda ba zai yi ba idan ya san akwai zagaye na goma, sauran huɗun kuma suna amsa masa nan take. Wannan shi ne abin da aka aike ka ka kamo, kuma ba ya samuwa bayan an watse.

Abin da za ka yi don rage ɓarna shi ne ka naɗi bitar ƙarshe gaba ɗaya, ka kuma roƙi makaɗa da mai gyaran muryar fiyano su ba ka rabin awa bayan wasa, a maimaita gaɓoɓi biyu ko uku da suka lalace. Ka yi facin a inda aka yi shiru, kana sane da cewa amon ɗakin ya riga ya canza, saboda haka facin ya zama gajere. Tarin da ya faɗo cikin shiru manhajar kwamfuta tana iya cire shi, wanda ya hau kan doguwar muryar goge kuwa sau da yawa barinsa ya fi, domin cire shi yana barin tabo a sautin. Idan facin ya yi yawa, a rubuta a jikin faifan cewa an haɗa da naɗin bita, kada a ruɗi mai saye.

Ranar wasan ka yi magana da masu zauren tun da wuri a kan na'urar sanyaya ɗaki, ka danna naɗa minti goma kafin makaɗa su fito, domin ka sami sautin zauren da jama'a a ciki, wanda za ka bukata wajen haɗa gaɓoɓi. Kada ka tsayar da na'ura tsakanin kashi da kashi, kuma idan aka kai ƙarshe kada hannunka ya taɓa komai har tafi ya lafa, domin ɗan shirun da ke tsakanin bugun ƙarshe da tafin farko yana cikin abin da za a saurara. Da zarar kun gama bita ka turo mini minti biyar na farkon kashi na uku na Brahms daga manyan makirufo biyun kaɗai, in saurara in gaya maka ko sandar tana bukatar matsawa.