Kafin ka sayi sabon katin hoto saboda jan ƙafar After Effects

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kwamfutarka tana da RAM 16GB da katin hoto mai ƙarfi, amma After Effects, manhajar haɗa hotuna masu motsi, sai jan ƙafa yake yi, kuma in ka leƙa Task Manager, mai nuna aikin sassan kwamfuta, sai ka tarar CPU, ƙwaƙwalwar kwamfutar, bai cika aiki ba, GPU kuwa, wato katin hoton, kamar yana barci, har kana shirin sayen wani katin. Don Allah ka dakata tukuna. Na daɗe ina wannan sana'a, kuma sau da yawa ba a katin matsalar take ba.

Manhajar haɗa hotuna ba irin ta yanka bidiyo ba ce. Kowane firam sai ta lissafa shi leya bayan leya, wato shimfiɗun hoton da aka ɗora kan juna, ifek bayan ifek, wato kwalliyar da aka yi musu, kuma na biyu yana jiran na farko ya gama. Aikin da ake yi bi da bi ba ya rabuwa ga hannu da yawa, shi ya sa sauran sassan CPU suke zaune. Sai dai tun sigar After Effects 22.0 ta shekarar 2021 aka saka Multi-Frame Rendering, mai lissafa firam da dama a lokaci guda, ka tabbata a kunne yake. Shi kuwa katin hoto wasu ifek ne kawai suke hawa kansa, irin su Lumetri Color, saura duk CPU ne.

Inda na fi so ka tsaya shi ne RAM, inda manhajar take ajiye firam ɗin da ta lissafa don ka kalla. Firam ɗaya na 1920x1080 a zurfin launi na 8-bit yana cin kusan 8MB. A firam 25 cikin daƙiƙa, kusan 200MB ke nan, daƙiƙa goma ta kai 2GB. In 4K ne ka ninka sau huɗu, in ka ɗaga aikin zuwa 32-bit ka sake ninkawa sau huɗu. To ka ga 16GB ɗin nan, da burauza da manhajar yanka bidiyo ta Premiere a buɗe, ba ta zuwa ko'ina. Koren layin da ke saman taimlayin, mai nuna firam ɗin da aka riga aka ajiye a RAM, sai ya tsaya a hanya, ya goge baya don ya samu wurin gaba. Idan har za ka kashe kuɗi, 32GB ya fi maka sabon kati amfani nesa ba kusa ba.

Sai kuma bidiyon kansa. Akwai wani aikin cire koren bango da ya ci mini kwana biyu, ko daƙiƙa uku ba na iya kallo ba tare da ya sarƙe ba. Ashe da waya aka ɗauka, tsarin matse bidiyo na H.265 ne. Irin wannan ba ya ajiye kowane firam cikakke, sai manhaja ta koma baya ta gina shi daga maƙwabtansa, ga shi kuma yawan firam na waya yakan riƙa canzawa. Da na mayar da shi ProRes 422, tsarin da yake ajiye kowane firam cikakke, fayil ya ƙara girma sosai, amma aikin ya saki jiki a kan kwamfutar nan dai. Tun daga ranar ba na fara aiki sai na yi wannan. Tsarin DNxHR ma yana yi.

Ma'ajiyar wucin gadi ta After Effects, wato Disk Cache, ka kai ta kan faifan SSD mai sarari, ba tsohon faifai mai juyawa ba. Ingancin kallon gwaji ka sauke shi zuwa Half, wato rabin tsawo da rabin faɗi, kashi ɗaya cikin huɗu na aikin ke nan. Dishi-dishin motsi (Motion Blur) da na zurfin kyamara (Depth of Field) ka kashe su sai lokacin fitar da aiki. Duk ɓangaren da ka gama kuma mai nauyi ne, ka fitar da shi tun da wuri ka dawo da shi a matsayin bidiyo.

Ba ka faɗa mana ko laptop ba ce. In ita ce, a jone take da wuta kuwa? A kan batir takan rage gudu, haka ma in ta ɗauki zafi.

Ka kashe ifek ɗinka ɗaya bayan ɗaya har ka gano wanda ya riƙe aikin, sannan ka dawo ka faɗa mana sunansa da irin fayil ɗin da kake aiki da shi.