Intanet na gudu, amma taron Zoom na daskarewa: ina laifin yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani ofishi a Birnin Kebbi. Mu goma sha biyu ne a kan rauta ɗaya ta 4G, kuma akwai na'urar fayawol (mai tace abin da ke shiga da fita don tsaro) a tsakani. In na gwada gudun intanet ina ganin mega 20, YouTube kuma lafiya lau. Amma da an fara taro da Abuja ta Zoom ko Google Meet, sai hoto ya daskare, murya ta riƙa yankewa. Layi zan canza? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Dakata da canza layi tukuna. Mega 20 ɗin nan na saukewa ne, alhali kiran bidiyo aikawa yake yi kamar yadda yake karɓa. YouTube na tara bidiyo a gaba kafin ya nuna maka, shi ya sa tangarɗa ba ta fitowa fili. A kira kuwa, muryar da ta makara ta riga ta zama shara.

Ana cikin taro, buɗe saitin Zoom ka shiga Statistics. Jinkiri ya kasance ƙasa da milisakan 150, Jitter (hawa da saukar jinkirin) ƙasa da 40, Packet Loss (bayanan da ke ɓacewa a hanya) kuma kada ya haura kashi 2 cikin ɗari. Sannan ka ɗauki laftof ɗaya, ka haɗa ta da rautar 4G kai tsaye da kebul, ka tsallake fayawol. In kiran ya gyaru, ka kama mai laifi.

Abin da kan faru shi ne, wanda ya saita fayawol ya bar ƙofar 80 da 443 kawai (ƙofofin da shafukan intanet ke bi), ya toshe UDP, wato hanyar aika bayanai mai sauri da kiran bidiyo ya fi so. Manhajar ba za ta faɗa maka ba, sai ta lallaɓa ta bi ɗaya hanyar, wato TCP, ta ƙofar 443. Shi kuwa TCP in ƙunshin bayani ɗaya ya ɓace, tsayawa yake sai an sake turo shi, duk na baya su jira. Daskarewar hoton ke nan. A buɗe UDP mai fita waje: Zoom na bin 3478, 3479 da 8801 zuwa 8810, Google Meet na bin 3478 da 19302 zuwa 19309, Microsoft Teams kuma 3478 zuwa 3481. In fayawol na buɗe ɓoyayyun saƙonni yana bincikawa, a ware waɗannan manhajojin daga binciken. Don Allah kada a kashe fayawol gaba ɗaya saboda taro, kuma kada a wahala da buɗe ƙofofin shigowa. Layukan waya galibi adireshi ɗaya suke raba wa jama'a da yawa, buɗewar ba za ta tsinana komai ba.

In an tsallake fayawol amma ba a ga sauyi ba, to cunkoso ne a hanyar aikawa, kuma a ofis mai mutum goma sha biyu shi muka fi zargi. Taron Zoom mai hoton 720p na buƙatar kusan mega 2.6 na aikawa. Wayar mutum ɗaya da ke loda hotuna Google Photos ta isa ta cika hanyar, muryarka ta maƙale a baya kamar mai babur a bayan tirelolin shinkafa a siririyar hanya. Maganinsa SQM ko QoS a saitin rauta, wato saitin da ke tsara yadda ake raba gudun layi. Auna gudun aikawa da tsakar rana lokacin da layi ya fi nauyi, ka sa iyaka a kashi 85 cikin ɗari na abin da ka samu: in mega 6 ne, rubuta 5. Ka yi asarar mega ɗaya, amma dogon layin jira ya watse. Rautocin 4G da yawa ba su da wannan saitin. In taka haka take, rage wa kowace waya gudu, ko ka canza kalmar sirri ka bar kwamfutocin aiki kaɗai.

Kwamfutar taro a haɗa ta da rautar da kebul. In dole sai Wi-Fi, a hau 5 GHz a ɗaki ɗaya da rautar, a 2.4 GHz kuma a tsaya kan tasha 1, 6 ko 11.

Duba ƙarfin sigina a shafin rautar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. In RSRP, wato ma'aunin ƙarfin siginar, ya yi ƙasa da -105 dBm, matsar da ita kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, ko ka sa eriya a waje, domin rufin kwano na tare sigina. Sai dai kada rana ta riƙa dukanta. A zafin Maris da Afrilu na Kebbi, da kan haura digiri 40, rauta in ta ɗau zafi rage gudu take ko ta kashe kanta ta sake tashi. Haɗa ta da ƙaramin UPS (batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke) kuma, domin duk sauyin wuta zuwa janareta yana cin minti ɗaya ko biyu kafin layi ya dawo.