Filin Tambaya da Amsa: Kumburin Yatsu da Haɗin Mai Kemis

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekaruna 36. Wata takwas ke nan yatsuna da wuyan hannayena biyu suna kumbura, da safe su sandare, ko ɗaurin zani ba na iya yi sai hantsi. Mai kemis yana haɗa mini firedinisolon da diklofenak, ina jin sauƙi, amma fuskata ta fara cika. Na ji an ce akwai sabuwar allura. Mece ce shawararku? (Wata mai karatu, Katsina)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya. Kumburi a hannu biyu lokaci guda, da sandarewar safe da ta wuce minti 30, sun yi kama da amosanin gaɓɓai. Ba sanyi ne ya shige ki ba, garkuwar jiki ce ta juyo tana cin shimfiɗar cikin gaɓa. Cutar ta fi kama mata, ninki biyu zuwa uku. Ki je babban asibiti a yi miki gwajin jini na ESR da CRP, masu auna ƙarfin kumburi, da RF da anti-CCP, masu nuna alamar wannan cuta a jini, a ɗauki hoton hannayen.

Haɗin nan shi ya fi damun mu. Firedinisolon dangin kotizon ne, shi kuwa kotizon maganin kumburi ne da likita Philip Hench ya fara ba mai wannan cuta a Amurka a 1948. Sauƙin ya girgiza likitoci, har ya samu kyautar Nobel a 1950, amma ba a jima ba illar ta fito: cikar fuska irin taki, ciwon suga, hawan jini, da ruɓewar ƙashi. Idan aka haɗa shi da diklofenak, haɗarin gyambon ciki mai zubar da jini yana ƙaruwa, ƙoda ma tana wahala. Duk da haka kada ki yanke firedinisolon dare ɗaya. Bayan mako uku ana sha, jiki yana rage sarrafa nasa kotizon, yankewa farat ɗaya kan sa jini ya faɗi har a suma. Likita ne zai rage miki sannu a hankali.

Maganin da ke taka wa cutar birki shi ne metotireksat, miligiram 7.5 zuwa 25, sau ɗaya a MAKO. Shan sa kullum bisa kuskure ya kashe mutane, don haka ki tsayar da rana ɗaya, kamar Juma'a. Ana haɗa shi da bitamin ɗin folik asid a wata ranar daban, ana duba jini da hanta a kai a kai. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, a nan ne da yawa suke gajiya su koma kemis. Mai ciki, mai neman ciki, da mai shayarwa ba sa shan sa, ki faɗa wa likita halin da kike ciki tun farko.

Allurar da kika ji labari ta samo asali ne daga binciken Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan, farkon shekarun 1990. Sun gano sinadarin TNF ne ke rura wutar kumburin, toshe shi kuma yana kwantar da ita. Allurar da ke toshe shi tana aiki sosai, amma tana da tsada, kuma sai metotireksat ya gaza ake komawa gare ta. Tana iya tayar da tarin fuka da ciwon hanta na B da ke kwance a jiki, cututtuka biyu da suka yi yawa a ƙasarmu, saboda haka dole a gwada su kafin allurar farko.

Ƙashin da cutar ta riga ta ci ba ya dawowa, wata takwas kuwa ba kaɗan ba ne. Ki tafi cikin makon nan, ki riƙe kwalayen duk abin da kike sha.