Za mu iya zaga hanyar bakin rafin Sweetwater da yara ƙanana da tsohuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a gefen Atlanta, jihar Jojiya. Mahaifiyata ta zo daga gida, kuma yarana biyu, mai shekara 4 da mai 8, sun dame ni a kai su daji. An ce mini a gandun Sweetwater Creek akwai hanyar ƙafa da ke bin rafi ta zagayo. Za mu iya da Hajiya da ƙaramin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Za ku iya, in kun san inda za ku tsaya. Gandun yana Lithia Springs, kimanin mil 15 yamma da tsakiyar Atlanta, kuma gwamnatin jiha ce ke kula da shi. Hanyoyinsa da launi ake gane su: za ki ga an shafa fenti a jikin bishiyoyi, ja ko fari ko rawaya. Wadda aka faɗa miki ita ce jar hanya, da ke tashi kusa da ofishin baƙi ta gangara bakin ruwa.

Rabin mil na farko, wato kamar mita 800, shi ne naku. Hanyar tana da faɗi, ba hawa sosai, ga inuwa, ga ƙarar ruwa a kan duwatsu. A gefenta za ku ga wani tsohon kwari mai kama da magudana. Ba ruwan sama ne ya haƙa shi ba. Bayi ne suka haƙa, don a karkato ruwan rafin ya juya injinan masaƙar da za ku tarar a gaba. Ki nuna wa babban yaron wannan, yara sun fi riƙe abin da suka taka da ƙafarsu.

Masaƙar, New Manchester, gini ne na jan bulo mai hawa 5 da ya fara aiki a 1849, yana kaɗa auduga da saƙa yadi. A watan Yuli 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, sojojin Arewa suka ƙone shi, suka kwashe ma'aikatan, yawancinsu mata da yara, suka tura su jihohin arewa. Yau bango ne kawai a tsaye, tagogi a buɗe, bishiyoyi sun kewaye shi. An katange kangon, sai dai a kalla daga waje, in ba jami'in gandu ne ya jagoranci shiga ba.

A nan ne shawarata take. Daga kangon gaba, jar hanyar ta zama wata aba daban: duwatsu, saiwoyi, matakala, wani wurin sai an dafa da hannu. Mutane na jin "hanyar iyali" su ɗauka duk tsawonta haka take. Ba haka ba ne. Hajiya mai ciwon gwiwa ko yaro ɗan shekara 4 ba su da abin nema a can. Ku huta a kangon, ku ci guzuri, ku juyo. In kuna son zagaye maimakon komawa ta inda kuka fito, ki tambayi ma'aikatan ofishin baƙi su zana miki a taswira inda za ku haɗe da farar hanya ku koma. Amma ki kula kar ki ɗauki farar hanyar gaba ɗayanta, don ta kai mil 5.

Ruwan shi ne abin da zan fi jan kunnenki a kai. Duwatsun bakin rafi santsi gare su ko da sun yi kama da busassu, kuma bayan ruwan sama rafin yana cika ya yi ƙarfi da sauri. A ambaliyar Satumba 2009 wannan rafin ya shanye unguwanni a garin Austell da ke kusa. In an yi ruwa daren jiya kuma kika ga rafin ya yi ja, a kalle shi daga nesa. Ƙaramin kuwa hannunsa a naki duk inda hanya ta matso ruwa.

Keken jarirai zai wahalar da ke. In ƙaramin ya gaji, zani da goyo sun fi. Takalmi ya zama rufaffe, har da Hajiya, ko da za ta ce silifas ta saba. Akwai wata ciyawa mai ganye uku-uku da ake kira poison ivy, taɓa ta na kawo ƙaiƙayi da ƙuraje na kwanaki, don haka yara su daina tsinkar ganye. Akwai kaska, a duba wuya da bayan gwiwa in an dawo gida. Macizai ma akwai, sukan kwanta cikin busasshen ganye, shi ya sa ba a barin hanya.

Ku fita da safe, musamman daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da zafi da gumi ke tsananta kuma hadari ke yawan tasowa da yamma. Asabar da rana wurin ajiye mota yakan cika, kuma ana biyan kuɗinsa. Ku zaga bayi a ofishin baƙi kafin ku shiga, babu wani a kan hanya. Ki sa darduma a jaka, akwai rumfunan cin abinci kusa da tafkin gandun inda za ku yi azahar kafin ku kama hanyar gida.