Kwanukan da muke kaiwa ranar Kirsimeti

'Yar'uwa, kin tambaya wace al'adar Kirsimeti ta gidan iyayenmu muka fi kewa yanzu da muka girma, na kuma ga yawancin masu ba ki amsa sun tsaya kan sabon kaya da shinkafa da miya. Gaskiyarsu ne. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne aiken da ake yi mana da kwanukan abinci ranar 25 ga Disamba.

A Tudun Wadar Kaduna na tashi, a shekarun 1980, cikin wani babban gidan haya. Iyali uku ne kawai Kirista, sauran duk Musulmi ne. Babanmu a masaƙa yake aiki a Kakuri, kullum da sassafe sai ya hau kekensa ya tsallaka gada. Shi Kirsimetinsa tun watan Satumba take farawa, don shi da abokan aikinsa suna zuba kuɗin watanda duk ƙarshen wata. Ana saura kwana biyu sai su tafi Zango su sayo sa, a yanka, a kasa kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa har da kayan ciki. Ba su taɓa yankawa da kansu ba, mahauci Musulmi suke kira. Haka ma kajin da Mama ta kiwata, Malam na ɗakin bakin zaure ake miƙa wa wuƙa. Na taɓa tambayar Baba dalili, sai ya ce, "Naman da maƙwabcina ba zai ci ba, me zai yi mini a gidan nan?"

Kaya kuwa turmin atamfa ɗaya ake yanka mana mu huɗu, mu fito anko. Tela ya yi ta cewa gobe, gobe, har daren jajibiri muna zaune a benci a shagonsa ana sa maɓalli.

Wannan daren ba a barci. Hunturu ya kankama, ƙafafu sun yi kaushi, Mama ta hura murhu biyu a tsakar gida, ɗaya suyar nama, ɗaya cincin. Matan gidan duk sun fito taya ta, mai yanka albasa na yi, mai jajjage na yi. Hajiya, matar mai gidan, ita ke yi mana kitso ta ƙunsa mana lalle, ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Da gari ya waye sai majami'a. A karanta Luka sura 2 da Hausa, 'yan Zumuntar Mata su tashi da tulu da caki, mu yara mu yi wasan kwaikwayon haihuwar Yesu a Baitalami. Yayana ne kullum makiyayi, da bargon Baba da sanda. Har yau in na ji an karanta wurin da aka kwantar da jaririn a komin dabbobi saboda babu wuri a masauki, muryar fastonmu na lokacin nake ji.

To, ana tashi daga sujada aikinmu ke farawa. Mama ba ta bari mu sa loma a baki sai ta gama zuba na mutane. Ta jera langa-langa a tabarma, ta riƙa kiran suna: wannan na Hajiya, wannan na Malam, wannan na mai shayi, wannan na tsohuwar bayan masallaci wadda ba ta da kowa. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san gidan da yara suka yi yawa sai an ƙara nama. Mu ɗora a kai, da sabon takalmi yana cizon ƙafa, mu yi sallama, mu durƙusa mu ce, "Wai in ji Mama." A ce, "Kai, madalla, barkanku da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana." Kwano ba ya dawowa haka nan: a sa goro ko sabulu na Mama, mu kuma a ba mu tukwicin sule ko sule biyu. In Babbar Sallah ta zo, 'ya'yansu ne ke shigowa ɗakinmu da soyayyen naman layya, a cikin irin waɗannan kwanukan.

Rikicin Fabrairun 2000 ne ya raba mu da gidan. Malam ɗin nan mai yanka mana kaji shi ya ɓoye mu a ɗakinsa kwana biyu, sannan muka samu muka tsallake kogi zuwa Sabon Tasha, kamar yadda Kiristoci da yawa suka yi, Musulmin wancan ɓangaren su ma suka dawo ɓangaren da muka baro. Kirsimetin shekarar Mama ta dafa yadda ta saba, ta jera kwanukan, sai ta zauna tana kallonsu, don duk maƙwabtan nan sun dafa irin abin da ta dafa.

Yanzu Mama ta rasu, Hajiya ma haka, Allah ya jiƙansu. Langa biyu daga cikin nata suna wurina, fentinsu duk ya ɓare. Bara na cika ɗaya na sa ɗana a Keke Napep, ni da shi, muka tsallaka gada zuwa gidan 'yar Hajiya. Na tsaya a zaure na ce shi ya shiga da kwanon, na koya masa abin da zai faɗa. Ya fito da naira ɗari biyar a hannu yana tambayata ko nasa ne.